Gogen Ƙasimu Ya Yi Ƙafa

Ranar da soja suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka miƙa mulki ga farar hula, kowa a Kano da abin da ya tashi da shi. Wasu sun rungume rediyo, wasu sun ci ado sun nufi wajen rantsuwa. A Lambun Mama Ladi kuwa, can cikin Tarauni, gogen Ƙasimu ne ya yi ƙafa.

Labarin ya iske Malam Maje a ƙofar gidansa a Gyaɗi-Gyaɗi, yana dama wa ragonsa dusa. Mama Ladi ce da kanta ta diro daga bayan acaɓa, ɗankwali a karkace, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Baba Maje, taso don Allah. An sace gogen Ƙasimu, kuma sun ce Jonathan ne."

"Wane Jonathan? Namu?"

"Naku. Maƙwabcinka."

Maje ya ajiye kwanon dusar. Shi dai a zamaninsa mai bin sawu ne, na gaske ba na wasa ba. Ya bi ɓarayin shanu daga dajin Falgore har ƙasar Ningi, yakan dubi ƙasa ya ce maka mutumin nan ɗingishi yake, ko kuma kaya sun yi masa nauyi. Da tsufa ya kama shi sai 'ya'yansa suka ɗauko shi suka dasa a birni, inda kwalta da siminti suka cinye sawu. Yanzu sai dai in akuya ta ɓata a aiko masa. Yana zuwa yana gunaguni, amma in aka kwana biyu ba a aiko ba sai ka ga ransa a ɓace.

Jonathan kuwa katanga ɗaya ce ta raba su. Iyayensa mutanen Zonkwa ne, shi a nan Gyaɗi-Gyaɗi aka yanke masa cibi. Malamin firamare ne mai koya wa yara waƙa, ranar Asabar kuma ya ɗauki begilarsa ta tagulla, ya ja 'yan jita su tafi biki. Maje ya sha zaginsa ta kan katanga saboda busar sassafe, ya kuma sha cin tuwon acca a gidansa ranar Kirsimeti.

"Sun ce in la'asar ta yi ba a ga goge ba, ofishin 'yan sanda za su kai shi," in ji Mama Ladi. "Baba, malamin makaranta ne fa. In ya taka wurin nan da sunan sata, wa zai sake ba shi yaransa?"

Maje ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa.

*

Lambun wani fili ne mai mangwarori da katangar bulo. Mama Ladi, 'yar Filato, da ta bar aikin buga keken rubutu a ma'aikata sai ta mai da shi wurin biki da lemo da tsire. A ranar, dattawan unguwa sun shirya wasan murna bayan la'asar, sun ce tunda mulki ya dawo na kowa, kiɗa ma ya zama na kowa. Ga 'yan kalangun mahauta, ga matan zumunta na coci da tulunansu, ga amadar Hajiya Saratu, ga wani saurayi Bello da fiyanonsa, ga Jonathan da 'yan jitarsa. Sai kuma Ƙasimu mai goge, wanda kansa ya yi fari fat yana jan izga, shi aka sa ya rufe taro.

Maje ya tarar da ƙofar ɗakin ajiya cike da mutane kamar ana rabon zakka. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi irin wadda mai bin sawu ke roƙon Allah ya ba shi, amma ga ta duk an dagargaje ta.

"Sannunku," ya ce. "Ko ɓarawon ne ya ɗauke ku aiki ba za ku fi haka ba. Kowa ya ja baya!"

Aka ja baya, ban da baki ɗaya. Garba ne, sanƙiran Ƙasimu, mai yi masa kirari da roƙo, mutumin da ko a jana'iza sai an ji muryarsa.

"Malam Maje, ba sai ka wahala ba. Ga shi can zaune! Tun safe yake lasar baki a kan gogen nan, yana Baba ƙara min, Baba ƙara min. An gan shi ya shiga ɗaki, an gan shi ya fito da kaya. Me ya rage?"

Jonathan yana zaune a kan akwatin lemo, begila a cinya, idonsa jawur. Da ya ga Maje ya yunƙura zai tashi.

"Zauna," in ji Maje. "Ka ci abinci?"

"Baba, wane abinci?"

"Ladi, ba shi abinci. In ma ɓarawon ne, ai ba a kai shi da yunwa."

Wasu suka yi dariya, Jonathan bai yi ba. Maje ya ga yaran makarantarsu sun hau katanga suna leƙen malaminsu, sai tausayi ya kama shi.

*

Ƙasimu yana gindin mangwaro a kan tabarma, hannayensa a zube a cinya kamar ba nasa ba.

"Maje, ubana ne ya haɗa gogen nan. Ni ban ce kowa ba. Garba ne ke faɗa."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Da hantsi muka gwada lasifika. Da muka gama na rataye shi a ƙusa a ɗakin ajiya, na sha fura, na ɗan kishingiɗa. Na farka na je, ƙusa ba kowa."

"Ɗakin yana da makulli?"

"Ina fa. Duk mai kaya a nan ya ajiye."

"Me ka kaɗa a gwajin?"

Ƙasimu ya sosa ƙeya. "Wani tsohon take ne. Na tsinke shi ne kawai don hannu ya warware, sai yaron nan Jonathan ya ji ya maƙale. Wai mu rufe taro da shi, ni da goge, shi da begila. Na ce to."

"Taken wa?"

"Tsohon abu ne, Maje. Wa ya san shi yanzu a Tarauni?"

Maje ya dube shi, shi kuma ya dubi ganyen mangwaro. Aka bar ta a nan.

*

Ɗakin ajiya ƙarami ne. Rufinsa yana yoyo, don haka da safe Mama Ladi ta sa aka zuba jan yashi a ƙasa, ita kuwa farfajiyar lambu baƙar ƙasa ce. Maje ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallo. Ƙusa tana can a kusurwa, a ƙasanta an kife wata ƙatuwar ganga ta 'yan jita. Sawu kam ba a magana, kowa ya shiga ya yi bincikensa. Amma ya tsamo ɗaya, takalmi sau-ciki mai cin dunduniyar hagu. Ya shiga har kusurwa, ya fito da nauyi, ya miƙe zuwa wata tsohuwar bas da ke bakin ƙofar lambu.

Ya san takalmin, kullum yana ganinsa a ƙofar gidan maƙwabcinsa.

"Kai, Jonathan. Me ka shiga yi?"

"Ganga na kai, Baba. Na ajiye ta, na ɗauko lasifikar da ta ƙi magana na kai mota."

"Da ka shiga, gogen yana nan?"

"Ba ya nan. Na zaci Baba Ƙasimu ya ɗauki abinsa."

"Ka ji ko!" in ji Garba. "Mun juye motar ba mu gani ba. Ya riga ya miƙa wa wani."

"Garba, goge nawa ka taɓa ɗauka?"

"Kullum ni ke riƙewa."

"To yana nitsa mutum a ƙasa haka? Wannan sawun na mai ɗauke da abin da ya kai buhun gero ne."

Garba ya ja da baya yana gunaguni. Amma Maje ya san wannan bai wanke kowa ba. Mai ɗauke da lasifika yana iya rataya goge a kafaɗa.

*

Bello mai fiyano yana bayan dandamali, ya tuɓe riga yana kokawa da janareto, don ana gama gwaji aka ɗauke wuta. An ce sun yi cacar baki da Garba a kan wanda zai rufe taro.

"Gaskiya ne, Baba, na ce ni ya kamata in rufe. Zamani ya canja, gwamnati ma sabuwa ce. Amma me zan yi da goge? Ai akwai shi a cikin fiyanona."

"A ciki?"

"Wallahi. Bari ka ji."

Ya ja igiya, janareto ya yi tari ya kama. Ya danna wani maɓalli ya taɓa fiyanon, sai wata ƙara ta fito kamar an taka wutsiyar mage.

"Wannan ne gogen?"

"Shi ne, Baba. Na Japan."

"Allah ya ba Japan haƙuri. Nuna min hannunka."

Hannayen baƙi ƙirin da man inji har gwiwar hannu, kuma tun hantsi suke haka, mai tsire ya shaida. Bangon da ke wajen ƙusa farin fenti ne tas. Da Bello ya je wurin, da ya bar sa hannunsa.

Shi kuwa Garba, Maje ya ja shi gefe ya tambaye shi dalilin wannan zafi. Sai da ya yi kame-kame kafin ya fito da ita.

"Malam Maje, in maigida ya koma kiɗa da masu begila da lasifika, wa zai buƙaci bakina?"

Tsoro ne ashe. Maje ya dubi ƙafarsa, silifa ne na taya mai faɗi, kuma sawunsa duk a saman na sauran mutane yake, na bayan ɓata ne. Mugun baki gare shi, amma ba shi ya ɗauka ba.

Rana ta fara karkata. Dattawan unguwa sun soma duban agogo.

*

Can gefen ɗakin mata, Hajiya Saratu tana zaune a kujerar roba, 'yan amshinta suna jera ƙore suna cika baho da ruwa. Mace ce mai jiki da murya, in ta buɗe baki a biki, amarya da uwar ango duk sai sun sha zolaya. Ɗanta Habibullah shi ne sabon kansilan mazaɓar, kuma shi ne babban baƙo a wasan.

"A'a, mai bin sawun awaki! Yau an ƙara maka girma, goge kake bi?"

"Uwar kansila, ai dole mu gaishe ku. Mulki ya dawo gidanku."

"Bar ni da Habibu. Sai da ya yi ta roƙona wai in daina waƙa, kar in ba shi kunya gaban manya. Na ce wannan ƙwaryar ce ta kai ka makaranta. Da ƙyar ya yarda in yi ta yau. A gaba zai zauna, shi da baƙinsa da surukansa na Darmanawa."

Ta miƙa masa goro. Ya lura kwanon abincinta yana gefe a rufe, ba ta taɓa ba.

"Kin ga wanda ya shiga ɗakin ajiya?"

"Ni me zan gani? Suna fara gwajin nan kaina ya sara, na shige ɗaki na kwanta."

"Ba ki leƙa an yi bincike ba?"

"Da wace gwiwar? Maje, rabon gwiwata da ƙasa tun kafin in je Makka. Salla ma a kujera nake yi."

Ta gyara zaninta, ta kakkaɓe shi a hankali. Sannan ta rage murya.

"Wai da gaske za su kai yaron nan wurin 'yan sanda?"

"In ban samo ba, za su kai."

"Yaron kirki," ta ce, ta kau da kai. "Shi ya koya wa jikokina karatu."

*

Maje ya koma ɗakin ajiya shi kaɗai, ransa ba daɗi. Ya tsuguna yana kallon gangar nan da aka kife. Duk masu bincike sun zagaye ta, ba wanda ya ɗaga, don ko yaro ya san goge ba zai shiga ƙarƙashinta ba. Sai wani tunani ya zo masa. Ganga in an kife ta bakin ƙarfenta ne ke taɓa ƙasa, fatar ba ta taɓawa. In Jonathan ya faɗi gaskiya, bayan ɗaukar goge ya ajiye ta, to abin da ke ƙasanta yana nan yadda mai ɗauka ya bar shi.

Ya kama ta da hannu biyu ya ɗaga a hankali, bayansa yana ƙara.

A cikin da'irar, yashi lumui. Ba sawun takalmi. Rami biyu ne ƙanana a jere, har da shatar zaren zane a cikinsu. Gefe guda tafin hannu ne ya nitse sosai, da layin zobe, inda aka dafa aka yunƙura, aka koma, aka sake yunƙurawa.

Maje ya daɗe a tsugune. Ya bi ɓarayi iri-iri a rayuwarsa, bai taɓa ganin wanda ya durƙusa wa abin da zai sata ba. Sai tsohon taken da Ƙasimu ya ƙi faɗin sunansa ya faɗo masa a rai, da ciwon kan da ya tashi daidai lokacin gwaji, da abin da aka kakkaɓe daga zane a gabansa, wanda ba baƙar ƙasa ba ce.

"Kai, Saratu," ya ce a hankali. Bai ji daɗin gano ta ba ko kaɗan.

*

Ya sa Mama Ladi ta tara masa su a ɗakin: Ƙasimu, Jonathan, Bello, Garba, da Hajiya Saratu, wadda aka kawo mata kujerarta. Ya mai da gangar inda take, ya rufe ƙofa. A waje ana ta hayaniya, an fara kiran la'asar a nesa.

"Bello, hannunka ya wanke ka, duk da dattinsa. Je ka ji da injinka."

Bello ya fita yana murmushi.

"Garba, kai ma ba kai ba ne. Je ka tsaya a bakin lambu, duk wanda ya ce zai kira ɗan sanda ka ce ni na hana. Ai ba a rasa ka da murya."

"Amma Malam Maje..."

"Je ka, Garba," in ji Ƙasimu.

Da ƙofa ta rufu, Maje ya ɗage gangar. "Ƙasimu, zo ka gani. Wanda ya ɗauki gogenka sai da ya durƙusa masa gwiwa biyu. Kuma tashin ya ba shi wuya. Kai ka fi ni sanin masu yi wa goge haka."

Ƙasimu ya duba. Fuskarsa ta canja. Ya ɗago a hankali, bai dubi kowa ba sai Hajiya Saratu, da jan yashin da ya maƙale a zaninta daidai gwiwa.

"Hajiya," ya ce da wata irin murya mai taushi, "taken Sarkin Rafi na bori?"

Ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe, hawaye ne.

"Shi ne. Tun ina budurwa a ƙauyenmu aka yi min girka. Na tuba, na bar bori, na je Makka, ba wanda ya san wannan a Tarauni, ko Habibu. Ɗazu kana jan izgar nan na ji shi tun daga tafin ƙafata. Da ban gudu ɗaki ba da na faɗi. Sai na ji wai da shi za ku rufe taro. Ƙasimu, uwar kansila tana birgima a ƙasa gaban surukansa, a ranarsa ta farko?"

"Me ya hana ki gaya min?"

"Na nufo ka, wannan mai bakin yana manne da kai. In Garba ya ji, ai Kano ta ji. Na ce in ɓoye shi har a tashi, in mai do. Yana ɗakin mata, a rataye bayan mayafai, ban bari ya taɓa ƙasa ba." Ta dubi ramukan nan biyu. "Haka aka koya mana, ba a ɗaukar sa a tsaye. Wallahi ban san na durƙusa ba sai da na zo tashi."

Jonathan ya matso kusa da ita. "Hajiya, ni ne na roƙi a kaɗa shi. Ban san ko mene ne ba. Har na koye shi a begila."

"Busa abinka, ɗana, Sarkin Rafi ba ya jin begila. Sai izga." Ta kamo hannunsa. "Ina zaune ina jin ana kiran ka ɓarawo, bakina ya yi nauyi. Ka yafe min."

Mama Ladi ta fita ta dawo da gogen naɗe a farin mayafi. Ƙasimu ya karɓa ya rungume kamar jariri.

"Laifina ne," ya ce. "Na ɗauka masu jin wannan taken sun ƙare. Ba zan kaɗa shi ba, yau ko gobe. Mutanen waje kuma mu ce musu ni na ba Hajiya ajiya, tsufa ya sa na manta."

Kowa ya sauke numfashi, ban da Jonathan. Ya sunkuyar da kai.

"Na yarda, Baba. Amma ba za su gaskata ba. Za su ce na dawo da shi ne aka rufa min asiri."

Maje ya san gaskiya yaron ya faɗa, ya san mutanen unguwarsa. Za su ce masa barka a gaba, su ja 'ya'yansu a baya. Ya gano sawu, amma a nan iyakar iliminsa ta tsaya. Ba zai iya wanke ɗaya ba sai ya tona ɗaya, kuma duka biyun nasa ne.

Hajiya Saratu ta share fuska, ta dafa kujera ta miƙe.

"Ladi, ni ce ta nawa a jerin masu wasa?"

"Ta uku, Hajiya."

"Mai da ni ta farko."

*

Bayan la'asar lambu ya cika maƙil. Kansila Habibullah yana gaba cikin babbar riga sabuwa dal, baƙinsa da surukansa a gefensa. An ji cewa goge ya fito, amma ba a ji daga ina ba, don haka ana ta satar kallon Jonathan, wanda ya raɓe a bayan dandamali. Maje yana jin gutsiri-tsomar a kunnensa.

Ƙore suka ɗauka, ruwa yana tsalle a baho. Hajiya Saratu ta karɓi abin magana, ta ƙi zama a kujera. Ta yi wa sabon mulki baiti biyu, ta yi wa mahauta ɗaya, sannan ta ɗaga hannu kiɗa ya sassauta.

"Jama'ar Tarauni ku saurara,
Mai neman ɓarawo ga ni tsaye.
Ni na ɗauke gogen Ƙasimu,
Don ya biyo ni har ɗakin mata.
Na gaji da yi masa fari da ido,
Tsoho ya kasa ɗago kai!"

'Yan amshi suka dubi juna, suka cafe: "Ayye, Saratu ta sace goge!"

Wuri ya kaure. Mata suka saki guɗa, 'yan kalangu suka shigo ba a kira su ba, matan zumunta suna dukan tulu suna dariya har da hawaye. Ƙasimu ya ja hula ya rufe ido, ana ta nuna shi ana "Ango! Ango!" Kansila ya dafe kai yana cewa "Inna! Inna!", surukinsa kuwa, dattijo mai farin gemu, dariya ta hana shi zama daidai. Daga yau har ta mutu sai an tsokane ta da Ƙasimu, ta san da haka. Ta zaɓi wannan kunyar da idonta a buɗe, Maje ya ji ta ƙara girma a ransa.

Ta sake ɗaga hannu.

"Wanda kuka zaga ɗan mutane ne,
Yana gani ana jifan sa ya yi shiru.
Jonathan malamin jikokina,
Hannunsa fari, nawa ne da yashi.
Wanda ya ce masa ɓarawo ɗazu,
Ya buɗe baki ya kira shi yanzu!"

Ba wanda ya fi Garba saurin ganewa. Ya yi tsalle ya hau dandamali, ya ware muryar nan tasa da ba ta buƙatar lasifika.

"Ina Jonathan na Gyaɗi-Gyaɗi! Mai busa da gaskiya! Malamin yara, amanar iyaye! Bakina ya yi ƙarya, jama'a ku shaida! Fito, ɗan halak!"

Sai taron duka ya ɗauka, har yaran da ke kan katanga: "Malam Jona! Malam Jona!"

Jonathan ya fito. Ya ɗora begila a baki, leɓensa ya ƙi tsayawa. Ya sauke, ya goge ido da hannun riga, ya sake ɗorawa, bai samu komai ba sai iska. Ƙasimu ya taso daga tabarmarsa tun lokacinsa bai yi ba, ya tsaya kusa da shi, ya saɓa goge, ya ja masa wata sabuwar hanya a hankali, yana maimaitawa, yana jiran sa.

A karo na uku begila ta amsa.